Yadda Ake Gano Abin da Ke Tsinka Igiyar Ƙarfe a Injinan Ɗaga Kaya

Igiyar ƙarfe da ke ɗauke da kaya a jikin kiren (injin ɗaga kaya) ko winci (injin jan kaya da igiya) ba kasafai take tsinkewa ba tare da ta nuna alama ba, kuma dalilin ƙirƙiro ta ke nan tun farko. A shekarar 1834 wani jami'in haƙar ma'adinai Bajamushe mai suna Wilhelm Albert ya sa ta aiki a ramukan Clausthal da ke tsaunukan Harz, domin ta maye gurbin sarƙa, wadda idan zobe ɗaya ya karye kaya duka sun tafi. Ita igiya silin waya ne masu yawa da aka tufke wuri ɗaya, suna karyewa ɗaya bayan ɗaya, saboda haka mai lura yana da damar ganin abin da ke faruwa kafin ranar da ragowar za su gaza. Abin da mutane suka fi kasa ganewa shi ne cewa igiyar da ta lalace shaida take bayarwa a kan wani abu dabam, ko fulin da take bi, wato ƙarfen mai kama da taya da igiya ke ratsawa ta kansa, ko gangar da take naɗuwa a kai, ko hannun direba, ko wurin da aka ajiye ta. Wanda ya cire tsohuwa ya sa sabuwa bai binciki waɗannan ba, zai sake sayen wata kafin lokacinta, idan ma Allah ya kiyaye ba a yi asarar rai ba.

A fara da sanin igiyar

Kafin a yi maganar lalacewa, dole ne mai dubawa ya san irin igiyar da ke gabansa. Kowace igiya tana da sassa uku: silin waya, da tufkar da aka yi da silin, da zuciyar da tufkokin suka kewaye. Idan takarda ta ce 6x19, ana nufin tufka shida, kowace da sili kimanin 19. Idan ta ce 6x36, silin sun fi yawa kuma sun fi siranta. Igiya mai sili masu kauri ta fi jure goga amma ba ta son lanƙwasa, mai sili sirara kuwa ta fi jure lanƙwasa amma goga tana cinye ta da wuri, kuma babu wadda ta haɗa duka biyun. Zuciya tana iya zama ta zare, wadda ke riƙe mai amma take matsewa idan an danne ta kuma ba ta jure zafi, ko ta zama ta ƙarfe, wadda ke tallafar tufkoki sosai a kan ganga mai naɗi hawa-hawa. Akwai kuma igiyoyin da aka ƙera don kada su riƙa juyawa da kaya, irin su 19x7 da 35x7, waɗanda tufkokinsu na waje da na ciki suke murɗe ta fuskoki biyu masu saɓani. Waɗannan su ne suka fi ɓoye cutarsu, domin sukan fara karyewa daga ciki.

A nemi takardar shaidar igiyar daga wurin mai sayarwa, wadda ta nuna kaurinta, da tsarinta, da ƙarfin wayarta, da nauyin da zai tsinka ta, sannan a gwada da abin da littafin injin ya tanada. Igiyar da aka yanko a kasuwa ba tare da takarda ba, don kawai kaurinta ya yi daidai, ba a san ƙarfinta ba, kuma duk lissafin da za a yi a kanta zato ne.

Bakin silin da ya karye

Hanya mafi sauri ta gano dalili ita ce a ɗauki silin da ya karye a duba bakinsa da kyau, da gilashin ƙara girma idan akwai. Idan bakin ya yanke a miƙe, fes, ba tare da silin ya siranta ba, gajiyar ƙarfe ce, wato yawan lanƙwasa. Idan silin ya miƙe ya siranta kafin ya rabu, gefe ɗaya da ɗan rami ɗaya kuma da tsini, nauyi ne ya fi ƙarfinsa. Idan bakin ya yi faɗi ya yi kaifi a karkace, goga ce ta cinye shi har ya ƙare. Idan jikinsa ya yi ƙananan ramuka bakin kuma ya yi tsini marar tsari, tsatsa ce. Idan kuwa silin ya baje ko ya yi shatar wani abu, an danne shi ne ko an buge shi.

Akwai kuskuren da ake yawan yi a nan. Idan igiya ta tsinke gaba ɗaya, za a tarar da wasu silin masu alamar nauyi ya yi yawa, sai a yanke hukunci cewa direba ne ya ɗauki abin da ya wuce ƙima. Amma silin da suka rage a ƙarshe dole su nuna wannan alama, tunda su kaɗai suka ɗauki kayan da aka tsara wa dukkansu. Abin da ya kamata a yi shi ne a ƙirga: nawa ne suka karye da alamar gajiya ko tsatsa, waɗanda bakinsu ya riga ya yi duhu saboda daɗewa, nawa ne kuma suka karye sabo da baki mai ƙyalli. Idan tsofaffin karaya sun yi yawa, laifin na rashin dubawa ne tun kafin ranar.

Lanƙwasa, fuli da ganga

Duk wanda ya taɓa son yanke waya babu almakashi ya san cewa idan ya yi ta lanƙwasa ta gaba da baya a wuri ɗaya, za ta yi zafi ta karye. Abin da ke faruwa ke nan da kowane sili duk lokacin da igiya ta hau fuli ta sauka, sai dai a hankali, sau dubbai. Babu igiyar da ke aiki da za ta tsira daga wannan, amma saurin zuwansa ya dogara da abubuwan da za a iya aunawa.

Na farko shi ne girman fuli idan an gwada shi da kaurin igiya. Ƙa'idar ASME B30.5 ta Amurka, wadda ta shafi kiren mai tafiya, ba ta yarda fulin da igiyar ɗaga kaya ke bi a jikin kiren ɗin ya gaza ninki 18 na kaurin igiyar ba, wato igiya mai milimita 20 tana buƙatar fuli mai aƙalla milimita 360. Wannan iyaka ce ta ƙasa, kuma duk ƙarin da aka samu a kanta yana tsawaita rayuwar igiya sosai. A nan ne wani tunani mai kama da hikima yake jawo ɓarna: sai mai inji ya ga igiyarsa tana saurin karyewa, ya ce bari ya sa wadda ta fi kauri don ta fi ƙarfi. Fulin bai canza ba, saboda haka sabuwar igiyar lanƙwasarta ta fi tsanani, kuma ba ta zauna daidai a cikin kwarmin fulin ba, sai ta mutu da wuri fiye da ta farko.

Na biyu shi ne kwarmin fulin kansa, kuma a ganina wannan ne abin da aka fi mantawa da shi a duk harkar. Kwarmi mai kyau ya kamata ya fi kaurin igiya da kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, ta yadda zai rungume ta ba tare da ya matse ta ba. Yayin da tsohuwar igiya take sirancewa, tana haƙa wa kanta kwarmi daidai jikinta. Sabuwar igiya kuwa takan zo da kauri ɗan sama da wanda aka rubuta, har zuwa kashi 5 cikin ɗari, sai ta tarar da gurbin da ya yi mata kaɗan. Gefuna biyu na kwarmin su riƙa matse ta, tufkoki su kasa motsi, a ga layi biyu na goga a tsawon jikinta, silin su fara karyewa tun tana sabuwa. Maganin abu ne mai sauƙi: akwai ma'aunin kwarmi, ƴan faranti ne masu lanƙwasa daidai da kowane kauri, ana sa shi a ciki a haska tocila ta baya. Idan haske ya fito ta ƙarƙashinsa, kwarmin ya matse, sai a kai fulin a gyara shi a injin sassaƙa ƙarfe ko a canza shi kafin a sa sabuwar igiya. Idan ƙasan kwarmin ya ɗauki zanen tufkokin tsohuwar igiya, shi ma ya gama aiki, domin zanen zai riƙa cizon sabuwar. A juya fulin da hannu a ji ko boris ɗinsa yana tafiya sumul. Fulin da ya cije yana sa igiya ta riƙa gogar ƙarfe da gudu, zafin gogar kuma yana taurara fatar silin har ta riƙa tsagewa da zarar an lanƙwasa ta.

Na uku shi ne lanƙwasa ta fuska biyu, inda igiya take hawa fuli ɗaya ta sama sannan ta bi na gaba ta ƙasa. Wannan yana gajiyar da ƙarfe da sauri fiye da lanƙwasa ta fuska ɗaya, musamman idan fulin biyu suna kusa da juna.

Sai kuma karkatar igiya tsakanin fuli na ƙarshe da ganga. Yayin da igiya take tafiya daga wannan gefe na ganga zuwa wancan, tana karkata daga tsakiyar fulin, kuma shawarar da masu ƙera igiya suka saba bayarwa ita ce kada karkatar ta wuce digiri ɗaya da rabi a ganga marar kwarmi, ko digiri biyu a mai kwarmi. Idan ta wuce haka, igiya tana gogar gefen fuli, tana gogar ƴar'uwarta a kan ganga, kuma tana birgima cikin kwarmi maimakon ta zauna kai tsaye, abin da ke ƙara mata murɗa ko ya warware ta.

A ganga mai naɗi hawa-hawa, wurin da igiya take tsallake naɗin da ke ƙasanta da wurin da take hawa daga hawa ɗaya zuwa na gaba su ne suka fi shan wuya. Idan naɗin ƙasa ya yi sako-sako, igiyar da ke ɗauke da kaya tana nutsawa tsakaninsa, ta murƙushe shi, ita ma ta ji rauni wajen fitowa. Don haka ake naɗa sabuwar igiya tana cikin ja, ba a sake ba. Tunda waɗannan wurare ba sa canzawa, akwai dabarar da ke tsawaita amfani: idan igiyar tana da rarar tsawo, a yanke ɗan yanki daga ƙarshen da ke maƙale da ganga a sake ɗaurewa, sai wuraren tsallaken su koma wani sashe da bai gaji ba. Sai dai a tabbata idan ƙugiya ta sauka iyakarta akwai aƙalla naɗi biyu da suka rage a kan ganga, ko uku idan littafin injin ya ce haka.

Tsatsa, ƙura da mai

Man da aka sa wa igiya a masana'anta ba ya kai ta ƙarshen rayuwarta. Aikinsa biyu ne, ya hana ruwa shiga kuma ya bar silin su zame a jikin juna yayin lanƙwasa. Idan ya bushe, silin suna cin juna daga ciki inda ido ba ya gani. Babbar alamar wannan ita ce jan gari mai kama da tsatsa da ke fitowa daga tsakanin tufkoki idan an lanƙwasa igiya. Wanda ya ga wannan gari kada ya goge shi ya shafa mai ya ci gaba da aiki, domin garin ƙarfen igiyar ne ke zubowa.

Yanayin wurin aiki ne ke nuna abin da za a fi tsoro. A tashoshin jiragen ruwa irin su Apapa da Tin Can a Legas, iskar teku mai gishiri ce ke kashe igiya, kuma a can igiyar da aka lulluɓe silinta da zinki ta fi dacewa. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram kuwa, da wuraren fasa dutse da masana'antun siminti, ƙura ce babbar abokiyar gaba, musamman a lokacin hunturu. Giris mai kauri da aka lafta a waje yana kama ƙurar, su haɗu su zama abin goga, kuma yana rufe karyayyun silin daga idon mai dubawa, alhali bai shiga ciki inda ake buƙatarsa ba. Abin da ya dace shi ne a fara kankare tsohon datti da burushin waya, sannan a sa man igiya mai ruwa-ruwa wanda ke ratsawa, a zuba shi a daidai inda igiya take lanƙwasa a kan fuli, domin a nan tufkoki suke ɗan buɗewa. Baƙin man da aka juye daga injin mota, wanda ake yawan amfani da shi saboda araha, bai dace ba, domin yana ɗauke da garin ƙarfe da sinadaran da ƙonewar mai ta bari.

Igiyar da ke ajiye ma tana lalacewa. A ɗora ta a kan katako kada ta taɓa ƙasa, a rufe ta yadda iska za ta ratsa, kuma a ƙasashe masu zafin rana a riƙa juya kwarkwaron da aka naɗo ta a kai lokaci zuwa lokaci, don kada mai ya narke ya taru a ƙasa ya bar sama a bushe.

Zafi kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Ƙa'idar hukumar OSHA ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta ce igiyar rataya (wadda ake ɗaure kaya da ita a rataya a ƙugiya) mai zuciyar zare da ta shiga zafin da ya wuce digiri 93 a ma'aunin Salshiyas a cire ta har abada, mai zuciyar ƙarfe kuma idan za ta wuce digiri 204 sai an tuntuɓi wanda ya ƙera ta. Igiyar da ta taɓa wayar lantarki, ko wadda aka yi walda a kan kayan da ke rataye da ita har wuta ta bi ta jikinta, ko wadda launinta ya koma shuɗi, an gama da ita ko da babu sili ɗaya da ya karye.

Ɓarnar da hannu ke yi

Igiyoyi da yawa ana kashe su ne a ranar da aka sa su. Idan aka kwantar da naɗin igiya a ƙasa aka riƙa zaro ta ta sama, kowane zagaye yana ƙara mata murɗa guda, sai ta yi madauki, idan aka ja kuma madaukin ya tsuke ya zama ƙulli. Ana iya buga wurin da guduma ya miƙe a ido, amma silin sun riga sun bar mazauninsu, wasu suna ɗaukar nauyi fiye da rabonsu, kuma ba ya gyaruwa. Hanyar da ta dace ita ce a zura ƙarfe a tsakiyar kwarkwaron a ɗaga shi ya riƙa juyawa, da wani katako da ke riƙe shi kada ya yi gudu, a ja igiyar a miƙe. Idan daga saman kwarkwaro ta fito, ta shiga ta saman ganga. Idan daga ƙasa, ta ƙasa. Kafin a yanka igiya a ɗaure gefe biyu na wurin yankan da waya mai laushi, musamman irin wadda ba ta juyawa, domin idan tufkokinta suka saki ba sa komawa. Bayan an sa ta, a yi ta hawa da sauka da kaya marasa nauyi na ɗan lokaci kafin a ba ta cikakken aiki.

Fizga ita ce ɓarna ta biyu. Ɗaga kaya da sauri alhali igiya tana sake, ko taka birki kwatsam kaya suna sauka, ko ƙoƙarin tumɓuke abin da ya maƙale a ƙasa, duk suna ɗora wa igiya nauyin da ya ninka na kayan. Rarar ƙarfin da aka tanada, kamar ninki biyar da ake bai wa igiyar rataya, an tanade ta ne don tsufa da motsin aiki na yau da kullum, ba izini ba ne na ƙara kaya. Idan kuma nauyi ya saki igiya farat ɗaya, tufkokin waje sukan buɗe su kumbura su bar zuciya, abin da ma'aikata ke kira kejin tsuntsu, ko zuciyar ta ɓullo waje. Duka biyun hukuncinsu cirewa nan take.

Ga masu ɗaurin kaya, kusurwar igiyar rataya lissafi ne da ya kamata a haddace. A ɗauka kaya tan 4 ne a kan igiya biyu. Idan suna tsaye cak, kowace tana ɗauke da tan 2. Idan suka buɗe har kusurwarsu da saman kayan ta zama digiri 60, kowace tana ɗauke da kimanin tan 2.3, a digiri 45, kimanin tan 2.8, a digiri 30 kuwa kowace ɗaya tana ɗauke da tan 4, nauyin kayan gaba ɗaya. Gajeriyar igiya a kan kaya mai faɗi ita ce ke kawo wannan. Idan kuma kayan suna da kaifin gefe, kamar ƙarfen gini ko faranti, a sa katako ko wani abin kariya a kusurwa.

Ƙarshen igiya

Inda igiya ta shiga soket, wato ƙarfen da ke riƙe ƙarshenta, ko aka ɗaure ta, a nan girgiza take tsayawa, ruwa yake taruwa, ido kuma ba ya kai wa. A ranar 23 ga Mayu 2021 igiyar da ke jan motar da ke tafiya rataye a sama don kai mutane dutsen Mottarone a arewacin Italiya ta tsinke dab da inda aka maƙala ta a jikin motar, mutum 14 suka mutu. Abin da ya fi jan hankalin jama'a shi ne an hana birkin gaggawa aiki da gangan, amma masanan da kotu ta naɗa sun gano cewa kimanin kashi biyu cikin uku na silin sun riga sun karye saboda gajiya da tsatsa tun kafin ranar. A tashar nazarin sararin samaniya ta Arecibo da ke Puerto Rico, wata igiya ta zame daga soket ɗinta a watan Agusta 2020, wata babba ta tsinke a Nuwamba, sannan dandamalin da suke riƙe da shi, mai nauyin kimanin tan 900, ya faɗo a ranar 1 ga Disamba. Bincike ya nuna cewa zinkin da aka narka a cikin soket don riƙe silin ya daɗe yana saki a hankali. Darasin aiki a nan shi ne a yi alama da fenti a daidai bakin soket, a riƙa duba ko igiya ta fara fitowa.

Kilif mai siffar U da ake ɗaure madaukin ƙarshen igiya da shi, wanda ya fi yawa a wuraren gini da injinan haƙa rijiyar burtsatse, yana da fuska. Sirdinsa, wato ɓangaren mai faɗi, yana zama a kan doguwar igiyar da ke ɗauke da kaya, lanƙwasasshen ƙarfen kuma a kan guntun ƙarshen da aka mayar baya. Idan aka juya, ƙarfen yana murƙushe ɓangaren da ke aiki. Duk kilif ɗin su fuskanci gefe ɗaya, a sa adadin da mai ƙerawa ya faɗa da tazarar da ya faɗa, a sa zoben kariya a cikin madaukin, a ɗaure notin da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, sannan a sake ɗaurewa bayan ɗaukar kaya na farko, domin igiya tana sirancewa idan ta ji nauyi. Ko an yi komai daidai, wannan ɗauri kimanin kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin igiya yake bayarwa, kuma dole a sa hakan cikin lissafi.

Dubawa da hukuncin cirewa

Direba ya duba abin da ido ke gani kowace rana kafin fara aiki. Cikakken bincike na ƙwararre kuwa yana da lokacinsa. Dokar Birtaniya ta 1998 da ake kira LOLER, wadda kamfanoni da yawa a wasu ƙasashe suke koyi da ita, ta sa wata shida ga igiyoyin rataya da duk injin da ke ɗaga mutane, wata goma sha biyu ga sauran injinan. Inda aiki ya yi tsanani ko igiya ta fara nuna karaya, a rage tazarar, domin karyewar sili tana farawa a hankali sannan ta riƙa ƙaruwa da sauri.

A sauke kaya, a tsabtace igiya, a sa safar hannu ta fata, a riƙe tsumma a kewaye da ita tana tafiya a hankali. Karyayyen sili zai kama tsumman. Kada a raba lokaci daidai a kan dukkan tsawonta. A daɗe a sashen da ke kan fuli lokacin da ake fara ɗaga kaya, da wuraren tsallake a ganga, da bakin soket, da sashen da ke zaune a kan fulin daidaita nauyi, wanda ake ganin ba ya motsi alhali yana ɗan kai da komo a wuri ɗaya. A auna kauri da baniya kalifa, ma'aunin kauri mai baki biyu, daga ƙololuwar tufka zuwa ƙololuwar wadda ke fuskantarta, a wurare da yawa, a rubuta, a gwada da awon ranar da aka sa ta. Ƙa'idar OSHA ta kiren a wuraren gini ta ce idan kauri ya ragu da fiye da kashi 5 cikin ɗari a cire igiya, wato mai milimita 20 da ta sauka ƙasa da 19. Raguwa a wuri ɗaya tak ta fi muni, domin tana nuna zuciya ta rube ko ta karye a nan.

Ana ƙirga karyayyun silin ne a cikin tsawon zagaye ɗaya, wato nisan da tufka ɗaya take ci kafin ta kewaye igiya ta dawo, wanda a igiya mai tufka shida ya kai kimanin ninki shida zuwa bakwai na kaurinta. A kiren mai tafiya, ƙa'idar Amurka ta ce a cire idan an sami sili shida a warwatse cikin zagaye ɗaya, ko uku a tufka ɗaya. A igiyar rataya, goma a warwatse ko biyar a tufka ɗaya. A igiyar da ba ta juyawa, sili biyu kacal a tsawon ninki shida na kaurinta, ko huɗu a ninki talatin. Ƙa'idar duniya ta ISO 4309 tana da nata jadawalin da ya bambanta gwargwadon tsarin igiya da irin ganga, saboda haka ma'aikata ta zaɓi ƙa'ida ɗaya ta rubuta ta, kada a riƙa ɗaukar wadda ta fi sauƙi a kowane lokaci. Karayar da ta faru a cikin kwarin da ke tsakanin tufka biyu ta fi ta saman tufka haɗari, domin tana nuna akwai wasu a ciki. ISO 4309 ta ce biyu a zagaye ɗaya sun isa a cire. Ga dogayen igiyoyi masu tsada da waɗanda ba sa juyawa, akwai na'urar maganaɗisu da ake zura igiya ta cikinta, tana nuna karaya da raguwar ƙarfe a ciki, kuma bugun 2017 na ISO 4309 ya shigar da ita cikin hanyoyin bincike.

Idan an yanke hukuncin cire igiya, a rubuta a daidai wace mita daga ƙugiya lalacewar take, a gano wane fuli ko wane sashe na ganga ne ke haɗuwa da wurin, a gyara shi kafin sabuwa ta hau. A yanki kimanin mita ɗaya daga sashen da ya fi lalacewa, a warware tufkokinsa a duba zuciya, a ajiye shi da kwanan wata don gwadawa da ta gaba. Ragowar kuma a daddatsa ta gajeru-gajeru kafin a sayar wa masu gwangwan, domin igiyar da aka bari da tsawonta takan koma kasuwa, wani ya saye ta ya rataya mata kaya.